Tsaga ce ko ƙarzuwa a bakin wannan takobin Japan?

Assalamu alaikum. Masana, a taimaka mini da shawara kan wani gajeren takobin Japan, irin wakizashi, mai tsawon santimita 52. Gindinsa da ke shiga ƙota, wato nakago, yana nan da baƙar tsatsarsa, ba a kankare ta ba, domin da ita ake ƙiyasta shekaru. Ramin mekugi, wato ƙusar da ke riƙe gindin a cikin ƙota, biyu ne.

Matsalar tana wajen kaifi. Kamar santimita 14 daga tsini akwai wani siririn layi, bai fi milimita 3 ba, ya taso daga baki ya miƙe cikin hamon, zanen da taurin ƙarfe ke bari. Gilashi mai ƙara girma sau 10 yana nuna shi sarai a gefe ɗaya. Ɗaya gefen kuma jar tsatsa ta rufe daidai wurin. Idan ya ratsa gefe biyu, hagire ne, wato tsaga a bakin takobi, kuma ba shi da magani: wasawa ba ta cire shi, ƙungiyar NBTHK ta Tokyo mai tantance takubban Japan ma ba ta ba irinsa takardar Hozon, shaidar cewa takobi ya cancanci adanawa.

Akwai kuma ɗan kumburi a jikin ƙarfen, wato fukure, kusa da shinogi, layin doron da ke bin tsawon gefen takobin, bai fashe ba. Wannan bai dame ni sosai ba.

Man choji, mai ƙamshin kanumfari da ke hana tsatsa, kawai ake shafa wa takobin, ban yarda takardar yashi ta taɓa shi ba. Shin gwanin wasawa zai iya buɗe ɗan wuri, madoake, a kan tsatsar don a tabbatar kafin a biya kuɗin cikakken aiki? Kuma dutse ba zai fasa kumburin ba?