Wace RAM ce za ta shiga wannan laftof ɗin, PC3L ko PC4?

Hadiza M. ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Laftof ce mai furosesa Intel Core i5-8250U da RAM GB 8, ana so a kai ta 16 saboda tana nauyi da zarar an buɗe shafuka da yawa a Chrome tare da Excel. Task Manager ya nuna gudu 2400, kuma ya ce gurbi ɗaya ne cikin biyu ke da sandar RAM. Akwai sanduna biyu a hannu: ɗaya an rubuta mata 8GB 1Rx8 PC3L-12800S, ɗayar kuma 8GB 1Rx8 PC4-3200AA. Wacce ce za ta shiga? Idan lambar gudun ta saɓa da ta wadda ke ciki, akwai abin da zai lalace?

Injiniya Bala ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ta farkon ki ajiye ta gefe, ba za ta shiga ba. Amsar tana kan takardar da ke manne a jikin sandar. PC3 na nufin DDR3, wato nau'in RAM da ya gabaci DDR4, harafin L na nufin mai cin wuta kaɗan, bolt 1.35 maimakon 1.5, shi kuma S na ƙarshe na nufin gajeriyar sanda ce ta laftof. Idan kika raba 12800 gida takwas za ki samu 1600, gudunta ke nan. Laftof ɗin da ke nuna 2400 da wannan furosesa kuwa DDR4 take amfani da ita.

Bambancin har a jiki yake. Sandar DDR3 ta laftof haƙora 204 gare ta, ta DDR4 260, ta DDR5 262, kuma giɓin da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya yake ba. Da gangan aka yi haka don kada a cusa wata a gurbin wata. Duk sandar da giɓinta bai hau kan ɗan tudun da ke cikin gurbin ba, kada a matsa mata, domin gurbin ne zai karye, kuma a jikin bod yake, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke manne a kai. Haka abin yake a kwamfutar tebur: DDR3 haƙora 240, DDR4 da DDR5 duka 288 ne amma giɓinsu ya sha bamban.

Ta biyun, PC4-3200AA, DDR4 ce mai bolt 1.2, kuma za ta yi aiki. Gudun 3200 iyakarta ce, ba dole sai ta kai can ba. Wannan furosesa ba ya wuce 2400, don haka sandar za ta sauko ta yi tafiya a 2400 tare da ta ciki. Babu abin da ke ƙonewa. A jikin kowace sanda akwai wata 'yar ƙwaya da ake kira SPD, wadda ke ɗauke da jerin gudun da sandar za ta iya, BIOS kuma, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, ya karanta ya zaɓi wanda kowa zai iya bi. Da a ce sabuwar ce ta fi rauni, misali 2133, to ita za ta ja ta ciki ƙasa, duka biyun su koma 2133.

Kafin komai, ki sauke CPU-Z, manhaja ce mai nuna kayan cikin kwamfuta, kuma kyauta ce. A shafin SPD ki zaɓi kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya, zai nuna miki kamfanin da ya ƙera sandar, lambarta, girmanta da jerin gudunta. Ki rubuta su a takarda.

Malam Sani ya rubuta:

Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai akwai inda nake so a yi hattara. Wannan "ɗaya cikin biyu" da Task Manager ke nunawa ba shaida ba ce. Windows ba ya ganin gurbin da idonsa, abin da BIOS ya faɗa masa yake maimaitawa. Akwai laftof da ke cewa gurbi biyu ko ma huɗu alhali ɗaya ne tak a jikin bod, saboda kamfanin ya yi amfani da BIOS iri ɗaya a samfura daban-daban. Akwai kuma waɗanda aka liƙe RAM ɗinsu da dalma a jikin bod, musamman sirara masu LPDDR3, LPDDR4 ko LPDDR5. Waɗannan ba a cire su, ba a ƙara musu. A Task Manager, idan wurin Form factor ya nuna SODIMM to sanda ce mai fita, idan ya nuna Row of chips to liƙaƙƙiya ce.

Hanya biyu ce kawai ke ba da tabbaci: a duba littafin gyara na wannan samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da cikakkiyar lambar da ke rubuce a ƙasanta, ko a kwance murfin ƙasa a gani da ido. Littafin zai kuma faɗi iyakar abin da take ɗauka. Intel ya ba wannan furosesa iyakar GB 32, amma mai ƙera laftof yana iya tsayar da tasa ƙasa da haka.

Wanda ba ya son sauke manhaja zai iya buɗe PowerShell ya rubuta Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory. A layin SMBIOSMemoryType, 24 na nufin DDR3, 26 DDR4, 34 DDR5. A Linux kuwa sudo dmidecode -t memory ne ke fito da wannan bayanin.

Sai tarko ɗaya da ke kama mutane da yawa. Wasu sandunan da ake tallatawa da 3200 ba sa kai wannan gudun sai an kunna XMP, wani saiti na ƙara gudun RAM, a BIOS, galibi a kan bolt 1.35, kuma yawancin laftof ba su da wannan zaɓin ko kaɗan. Mai laftof ya nemi sandar da ke bin ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin RAM, a bolt 1.2, wadda a gudun 3200 aka fi samunta da lambar jinkiri CL22. Wadda kika ambata mai AA a ƙarshe irin wannan ce. Sannan a guji sandunan manyan kwamfutocin saba (server), waɗanda ake rubuta wa RDIMM ko Registered. Kwamfutar gida ba ta tashi da su ko da sun shiga gurbin.

Hadiza M. ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An buɗe murfin, gurbi biyu ne kuma ɗaya babu komai. Ta ciki an rubuta mata 8GB 1Rx8 PC4-2400T. Amma CPU-Z a shafin Memory yana nuna wajen 1200 MHz, ba 2400 ba. Matsala ce? Kuma tunda gurbi ɗaya ne ya rage, ba gara a saka mai GB 16 a samu 24 gaba ɗaya ba?

Maryam U. ta rubuta:

'Yar'uwa, 1200 ɗin ba matsala ba ce. DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugu na agogonta, CPU-Z kuma bugun yake nunawa. Ki ninka shi biyu, 2400 ke nan.

Batun 8 ko 16, ni dai 8 zan ba da shawara ga aikin da kika ambata. Furosesa yana magana da RAM ta hanyoyi biyu a lokaci guda idan sanduna biyu ne. Yanzu da sanda ɗaya, hanya ɗaya ce ke aiki, rabin faɗin ke nan. Idan kika saka 8 a kan 8, duka GB 16 za su hau hanya biyu. Wannan ya fi muhimmanci a laftof irin wannan, domin sashen hotonta, Intel UHD 620, ba shi da ma'adana tasa, daga RAM ɗin yake ci. Idan kika saka 16 a kan 8 ma zai yi aiki, sai dai GB 16 na farko ne ke kan hanya biyu, sauran 8 ɗin hanya ɗaya. Ga mai buɗe kwamfutoci na gwaji a cikin kwamfuta ko mai tace manyan bidiyo, 24 ta fi. Ga Chrome da Excel, da wuya ki cika 16.

Kada kuma a yi watsi da 1Rx8 ɗin nan. 1R na nufin rukuni ɗaya na ƙwayoyi, x8 kuma faɗin kowace ƙwaya. Ana samun masu 1Rx16, masu ƙwayoyi huɗu kacal, suna aiki amma sun ɗan fi rauni. Taki duka biyun 1Rx8 ne, sun dace da juna. Idan har 16 za a saya wa injin da ya kwana biyu, 2Rx8 ta fi aminci, saboda mai 1Rx8 a wannan girman ana yin ta da manyan ƙwayoyi waɗanda wasu tsofaffin injina ba sa iya karantawa.

Injiniya Bala ya rubuta:

Na yarda da Malama Maryam. Saura sakawa, domin a nan aka fi yin kuskure. A kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ba barci ba, a cire caja, sannan a zare wayar batirin ciki daga bod kafin a taɓa komai. A danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. A taɓa wani ƙarfe da hannu tukuna, kuma a riƙe sandar ta gefuna, kada yatsa ya hau haƙoran.

Ana shigar da ita a karkace, wajen digiri 30, giɓi a kan tudu, a tura har haƙoran su kusa ɓacewa cikin gurbin, sannan a danna ta ƙasa har ƙarafunan gefe biyu su kama ta da kansu. Idan sai an ja ƙarafunan da hannu kafin su kama, ba ta shiga sosai ba, a fitar a sake.

Idan aka kunna fanka na juyawa amma allo baƙi, a ɗan jira, domin tashin farko bayan canza RAM yakan ɗauki lokaci, a DDR5 ma har 'yan mintuna. Idan shiru, mafi yawan lokuta zaman sandar ne bai yi ba. A gwada sabuwar ita kaɗai a gurbin tsohuwar: idan ta tashi, sandar lafiya lau, sai a duba gurbi na biyu ko a sabunta BIOS. Idan ba ta tashi ba, sandar ce.

Bayan ta tashi, Task Manager ya nuna GB 16 da gurbi biyu cikin biyu, CPU-Z kuma ya nuna Dual ko 2 x 64-bit a wurin Channel. Idan abin da za a iya amfani da shi ya ɗan gaza 16, kason sashen hoto ne aka ware. Idan kuwa bai kai GB 4 ba, Windows ɗin mai 32-bit ne, sai an sake ɗora mai 64-bit. Daga nan a ɗora MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filash, a tashi kwamfutar da shi, a bar shi ya kammala zagaye huɗu, abin da kan ci sa'o'i. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, a raba sandunan a gwada kowacce ita kaɗai don a gane mai laifin, a mayar da ita tun garanti bai ƙare ba.