"Da muguwar rawa gara ƙin tashi": har da wanda ya isa amma bai dawo ba?

Malamin Sakandare: Assalamu alaikum. Jiya muka yi sa-in-sa da Yayana kan albasa. Bara na zuba ɗan jarina, rabi ta ruɓe kafin kasuwa ta tashi. Da na ce masa bana zan sake gwadawa, sai ya ce, "Kai dai, da muguwar rawa gara ƙin tashi." Maganar ta tsaya min a rai, domin a makon nan na ba ɗalibaina labarin Kyaftin Robert Scott, hafsan sojan ruwan Ingila. An haife shi a 1868, ya shiga aikin ruwa yana ɗan shekara 13. Sau biyu ya ja ayari zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya: na farko a jirgin Discovery daga 1901 zuwa 1904, na biyu a Terra Nova a 1910, da niyyar zama na farko da zai taka ƙuryar kudancin duniya. Ranar 17 ga Janairu 1912 ya isa shi da mutum huɗu, suka tarar da tanti da tutar Norway. Amundsen, jagoran ayarin Norway, ya riga su tun 14 ga Disamba. A hanyar komawa dukkansu biyar suka mutu. To jama'a, wannan muguwar rawa ce? Ni zuciyata ta ƙi yarda.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Malam. Mu nan "gwamma ƙin tashi" muke cewa. Kuma Yaya bai ce kada a yi rawa ba, cewa ya yi mutum ya san ƙafarsa. Shackleton, wanda ya bi Scott a tafiyar farko, a 1909 saura masa kamar kilomita 180 ya isa, ya auna guzuri ya ga ba zai kai su gida ba, ya juya. Babu wanda ya mutu a cikinsu.

Uwar Biyu: A'a Ɗan Damagaram, ai shi wannan ya tashi. Ya yi rawarsa, kiɗa ya canja ya koma ya zauna. Ƙin tashi daban, sanin lokacin zama daban.

Direban Tirela: Ni karin maganar da ta dace da Scott ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tanti da rabon abinci duk na mutum huɗu aka tsara, sai a zangon ƙarshe ya ce biyar za su je. Bowers da aka ƙara ko katakon sulun ƙanƙara ba ya tare da shi, a ƙafa ya bi su. Motocin jan kaya uku ya kai, ɗaya ta nutse tun wajen saukewa daga jirgi, biyu suka mace a hanya. Dawakin aka harbe su, mutane suka ɗaura igiya a ƙugu suna jan amalanke. Shi kuwa Amundsen karnuka 52 ya fita da su, yana yanka wasu yana ciyar da saura. Ko kananzir da suka ajiye a zango-zango, da suka dawo sun tarar ya ragu a gwangwani. Da yaron motata ne ya yi min irin wannan shiri, a tasha zan bar shi.

Mai Shayin Kwana: Scott dai ya zo na biyu a duniya baki ɗaya. Mu muna da wanda ya sayar da gidaje uku, ya zo na huɗu a akwatin ƙofar gidansa, kuma yanzu haka ana buga masa sababbin fastoci.

Direban Tirela: Wannan ai ba ya jin kiɗan ma, maroƙa kawai yake ji.

Jikar Hajiya: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta, don ita ba a faɗin wannan karin magana a gabanta. Tana 'yar yarinya ta bi mahaifinta hajjin ƙasa. Suka shiga ayari, Maiduguri, Fort-Lamy (N'Djamena ta yanzu), har Abeshe. Jaki ɗaya gare su, shi ke ɗauke da salka da gero. Bayan Abeshe ya fara ɗingishi, gadon bayansa ya yi miki, ƙuda na bi. Madugu ya ce, "Malam, labta masa kayan ka kora shi, inda ya faɗi ka bar shi, ayari ba ya jiran jaki." Baban nata ya ce ba zai iya ba, shi ya raini dabbar nan tun tana ƙarama. Ya sauke salkar ya rataya a kafaɗarsa. Ta ce tana tuna yadda igiyar ta ci masa fata, yana tura tsumma a ƙarƙashinta. Kullum sai ayari ya ci ya kwanta sannan su iso zango. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a gindin wata aduwa, saura yini ɗaya su shiga Jinaina. Wata mata a ayarin ta riƙe ta. Shekara bakwai ta yi a Sudan, har tsinkar auduga ta yi a Jazira, kafin ta haye daga Sawakin. Jakin kuwa ya warke, a bayansa ta shiga Al-Ubayyid.

Wata rana kawuna ya faɗi jarrabawar shiga soja karo na biyu, maƙwabciyarmu ta yi masa wannan karin magana. Hajiya tana kaɗi, ta ajiye mazari a cinyarta ta ce, "Na zaune a inuwa shi ke sanin muguwar rawa. Ubana ya tashi." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da kaɗinta.

Uwar Biyu: Allahu Akbar. Allah Ya jiƙansu. Na yi hawaye wallahi.

Malamin Sakandare: Amin. 'Yar'uwa, kin taɓo wurin da ya fi damuna. A 1911, lokacin da suke jibge guzuri a hanya, an shirya kai babbar ma'ajiyar can gaba. Dawaki suka galabaita. Oates, mai kula da su, ya ce a matsa musu su kai, a yanka su a can. Scott ya ƙi don tausayi, aka sauke kayan fiye da kilomita 50 kafin wurin da aka nufa. Da suke dawowa, kamar kilomita 20 ya rage tsakaninsu da wannan ma'ajiya guguwa ta tsare su a tanti. Rubutunsa na ƙarshe 29 ga Maris ne, sai a Nuwamba aka gano gawarwakin ukun da suka rage a tantin.

Almajirin Zaure: Da izininku. Kada mu haɗa mai neman ɗakin Allah da mai neman kafa tuta. Wanda ya rasu a hanyar hajji ladansa na wurin Ubangijinsa. Wancan kuwa suna ya fita nema.

Jikar Hajiya: Gaskiya ne Malam, ban haɗa su ba. Jakin ne ya tuna min.

Malamin Sakandare: Ba suna kaɗai ba, Allah Ya gafarta Malam. A amalankensu an tarar da duwatsu kilo 16 da suka ja har ƙarshe, da yunwa da komai. A jikinsu akwai zanen ganyen wata tsohuwar bishiya da ake samun irinta a kudancin Afirka da Indiya, shaidar cewa ƙasar ƙanƙarar nan ta taɓa yin daji. Kuma masana yanayi sun nuna sanyin Maris ɗin shekarar ya wuce ƙa'ida, har digiri 40 ƙasa da sifiri. A wasiƙarsa ga matarsa ya roƙi a sa ɗansu Peter ya so halittu, yaron ya girma yana cikin waɗanda suka kafa WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya, a 1961.

Direban Tirela: Mutum na mutuwa da yunwa yana jan dutse? Malam, ka ƙara min hujja ne.

Mai Shayin Kwana: Mu ma akwai mai ja mana dutse. Duk shekara huɗu yake zuwa ya aza harsashin asibiti ɗaya, har dutsen ya san shi.

Ɗan Damagaram: Ni Oates ne ke ba ni tausayi. Ƙafafunsa sun lalace, ya ga yana jinkirta 'yan'uwansa, ya fita daga tanti cikin guguwa, ba a sake ganinsa ba. Shi da ya ba da shawarar da aka ƙi. Rawar wa za a ce ya taka?

Almajirin Zaure: Wannan kuma wata mas'ala ce, ba ta nan ba.

Uwar Biyu: Jikar Hajiya, matar da ta riƙe ta fa, sun dawo gida tare?

Jikar Hajiya: A'a, ta yi aure a Mai Wurno ta zauna. Hajiya har ta rasu tana yi mata sadakar ƙosai ranar Juma'a.

Ɗan Damagaram: Malam, wai albasar nan a buhu ka bar ta ko a rudu ka shanya? Kuma ta rani ce ko ta damina? Ka ba ni amsa kafin ka koma wurin Yaya.