Waɗanda suka taɓa buɗe shafin intanet, ku faɗa mana yadda ta kaya

Mai turaren wuta, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ina sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp da Instagram. Yanzu masu saye daga Abuja da Legas sun dame ni da tambaya ko ina da shafin intanet da za su duba kaya da farashi ba sai sun jira na amsa saƙo ba. Na yi wa wani yaro mai wannan aiki magana, ya ce in turo kuɗin domen da hostin kawai ya fara. Ni ko abin da zan ce ya zuba a ciki ban sani ba. Don Allah duk wanda ya taɓa yi, ya ba mu labari.

Mai haɗa shafuka, Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki tura ko sisi tukuna. Shafin farko da na yi wa wani mai shagon kayan gini, launi da tambari muka fara zaɓa, muka ɓata mako biyu a kan kore ko shuɗi. Da muka gama, sai ga shi babu abin da masu saye suke nema: farashin siminti, lambar waya, da inda shagon yake. Dole muka rushe muka sake.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini sai mun zauna da takarda da biro. Wa zai shigo shafin? Me ya kawo shi? Idan ya gani, me kike so ya yi? Ke amsarki a fili take: ya ga turare, ya ga kuɗinsa, ya taɓa maɓalli ya faɗo WhatsApp ɗinki. To ki zana siffar fuskar waya a takarda, ki rubuta abin da zai zo a sama da abin da zai biyo baya. Shafuka uku ko huɗu sun ishe ki: na farko, na kaya, na yadda ake saye da aikawa, sai na tuntuɓa. Maɓallin WhatsApp ɗin ma ba wuya, adireshi ne da ake rubuta wa.me/ sai lambarki da 234 a farkonta, a cire sifilin farko.

Malamin Islamiyya, Katsina:
Hajiya, ni abin da ya ƙona mini rai shi zan faɗa miki. Domen shi ne sunan shafin, hostin kuma masaukin da kayan shafin suke zaune, kamar lambar gida da shi kansa gidan. Dukansu haya ce, ana sabuntawa, galibi shekara-shekara. Ba wanda ya gaya mana haka. Wanda ya yi mana shafin makaranta da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan, daga baya ya bar gari, lambarsa ta daina shiga. Shekara na cika shafin ya ɗauke. Adireshin kuwa mun buga shi a fom ɗin ɗaukar ɗalibai da allon ƙofar makaranta, iyaye suna ta zuwa suna cewa ba ya buɗewa. Na ji kunya ƙwarai. Sai wani suna muka saya, muka sake buga fom.

Ki tsaya a kansa ya yi rajistar da sunanki da imel ɗinki, ki karɓi kalmar sirri ki rubuta a littafi tare da ranar sabuntawa. Namu na yanzu mai ƙarewa da .ng ne, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, kuma da naira muke biya.

Mai takalman fata, Kano:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan gaskiya ce. Ni hotuna ne suka kusa kashe mini kasuwa. Yadda na ɗauke su da waya haka na ɗora, kowanne ya kai megabait 4, guda 30 a shafi ɗaya. A kwamfutar ofishin ƙanina komai ya fito tas. Da na je gida Ɗambatta na buɗe a wayar mahaifiyata, sai fari kawai, hotuna suna saukowa ɗaya-ɗaya kamar ɗigon famfo. Mutum ya ƙona megabait 120 don ya ga takalmi? Ai fita zai yi. Muka rage su zuwa kilobait 150 zuwa 200 kowanne, muka mayar da su WebP, wato nau'in fayil ɗin hoto marar nauyi, kuma ido ba ya ganin bambanci. Hajiya, duk abin da ya yi miki, a ƙaramar waya za ki gwada, da data, ba a babbar kwamfutarsa ba.

Marubuciya, Damagaram:
Yaya, idan da Hausa za ki rubuta, ki lura da haruffa masu lanƙwasa. Na zaɓi wani salon rubutu mai kyan gani a WordPress, manhajar da ake haɗa shafuka da ita, sai ɓ da ɗ da ƙ suka fito daban da sauran, a wasu wayoyin ma akwati ne ya fito a madadinsu. Mu nan Nijar har da ƴ muke amfani. Da na koma salon rubutu mai suna Noto Sans sai komai ya zauna daidai. Ki ba shi kalmomi kamar "ɓawo", "ɗaki" da "ƙamshi" ya gwada a gabanki kafin ki amince.

Mai haɗa shafuka, Kaduna:
Na manta abu ɗaya. Ki duba adireshin ya fara da https. Shi ne alamar shafin yana da tsaro. Tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, yake nuna gargaɗi a kan shafin da ba shi da shi, kuma mai saye yana ganin gargaɗin sai gabansa ya faɗi. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt kyauta suke ba da takardar tsaron da ke sa a samu https ɗin, kamfanonin hostin da yawa suna haɗawa da kansu, don haka ki tambaya kafin a caje ki kuɗinta daban.

Mai turaren wuta, Kano:
Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Daren jiya na zauna da 'yata muka zana shafuka huɗu a littafinta na makaranta. Kaya goma sha biyu kawai zan fara sawa, waɗanda aka fi saye. Na kira yaron na ce da imel ɗina za a yi rajista, ya ce ba matsala, ranar Asabar zai zo gida mu yi tare. Malam, sunan da nake so da .com an riga an ɗauka. In ɗauki .com.ng ko in sauya sunan?