Wai me za mu kira GPS ɗin nan da Hausa?

Jama'a a taimaka da kalma. Ana shirin koya wa malaman daji aiki da 'yar na'urar nan ta hannu irin su Garmin eTrex, wadda ake bin iyakar gandun daji da ita, kuma yawancin masu gadin da za su riƙe ta Hausa suka fi ji. To a takardar horon me za a rubuta?

Wani ya kawo "na'urar bin sawu". Ni dai gaskiya ban yarda ba, don ita wannan ba ta aika komai ko'ina, karɓa kawai take. Taurarin ɗan'adam ne can sama, nisan kilomita kusan 20,200, ke watso sigina, ita kuma sai ta kama aƙalla guda 4 kafin ta lissafa inda kake tsaye. Ka ce wa mai gadi bin sawu ai sai ya ɗauka oga ne ke leƙensa daga ofis, ranar kasuwa ya cire batir ya cusa ta a jaka shikenan.

Kamfas ma bai yi ba, shi arewa kawai yake nuna maka, bai san a Falgore kake ko a Kamuku ba.

Ni "manuniyar wuri" ta fi kwanta min. Na san in an shiga daji jifiyes za su ce kuma ba laifi, sai dai GPS ɗin sunan tsarin Amurka ne kaɗai, alhali na'urorin yanzu suna kama GLONASS na Rasha, wasu har da Galileo na Turai. Don haka a takarda manuniyar wuri, a baki kowa da abin da ya sauwaƙa masa.

Waypoint kuwa, wato alamar wuri da ake adanawa a cikin na'urar, "turke" zan ce. Ka tsaya gindin kukar da ke kan iyaka, ko inda ka tarar an sare marke ana gawayi, ka danna ka kafa turke, gobe wanda bai taɓa zuwa wurin ba ya bi ya same shi. Layin da take zanawa kana tafiya, nan ne "sawu" ya dace.

Wadda ta gagare ni ita ce lambar nan da ke nuna mita nawa na'urar za ta iya kaucewa, wadda ke hawa in ganye ya rufe sama, dole ka ɗan dakata ta sauko kafin ka danna. In ka ce "kuskure" sai mai gadi ya ji kamar shi ake tuhuma. Masu aikin safiyo me kuke ce mata?