Babban fayil ɗin XML yana daskarar min da kwamfuta, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Na sauko da kundin Wikipedia, irin wanda suke fitarwa a XML (tsarin fayil da ake kewaye bayanai da alamomi masu buɗewa da rufewa), ina so in ciro take da rubutun kowane shafi. Da na warware fayil ɗin sai ya haura gigabayit 3, kwamfutata kuwa RAM ɗinta 8 ne. Da Python nake aiki, kuma ina kiran ElementTree.parse (umarnin Python na karanta XML) sai komai ya tsaya cak. Kwana biyu ke nan ina fama. Ko in koma regex ne, wato binciken rubutu ta hanyar tsarin haruffa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Regex kam ka rabu da shi, ɗan'uwa. A XML alama tana shiga cikin alama, ga CDATA (ɗanyen rubutu da ba a ɗaukar alamomin cikinsa), ga irinsu & (mai wakiltar alamar &) da sai an fassara. Yau zai yi maka aiki, gobe ya yanke maka rubutu ba ka sani ba.

Amsa ta biyu:
Malam, laifin ba na kwamfutarka ba ne. Shi parse sai ya haɗiye fayil ɗin dukansa ya gina bishiyarsa a RAM, bishiyar kuma takan ninka girman fayil ɗin. Maganin yana nan cikin ElementTree ɗin: iterparse. Yana karantawa ne kaɗan-kaɗan, duk alamar da ta rufe ya miƙo maka. Idan page (alamar kowane shafi) ta rufe, ka ɗebi title da text, nan take ka kira clear() don share ta daga RAM.

Ga inda mutane ke tuntuɓe, ni ma na sha faɗawa: ka share page amma ka manta da uwar bishiyar, wato alamar farko da ta ƙunshi dukkan shafukan, sai ɓawon shafukan ya ci gaba da taruwa a jikinta. Ka kama ta tun a start na farko, wato lokacin da ta buɗe, ka riƙa share ta ita ma. Kuma ba sai ka warware fayil ɗin ba, bz2.open zai miƙa shi kai tsaye daga matsattsen fayil ɗin.

Amsa ta uku:
Ni lxml na fi so, wani kayan karanta XML ne a Python, a kan libxml2 aka gina shi, ga sauri ga cikakken XPath 1.0 na lalubo alamomi. SAX ma zai yi, shi ma kaɗan-kaɗan yake karantawa, tun 1998 ake amfani da shi, sai dai kai za ka riƙa lura da inda kake a fayil ɗin. In kuwa wata rana XML ɗin daga baƙon hannu zai zo, ka nemi defusedxml, mai kare ka daga fayil mai cutarwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, kwamfutar ta daina daskarewa. Sai dai ko shafi ɗaya bai fito ba, alhali na rubuta tag == "page".

Amsa ta biyu:
Namespace ne, Malam, wato adireshin da fayil ɗin ya danganta sunayen alamominsa da shi. ElementTree yana manna adireshinsa a gaban suna, cikin {}. Ka buga elem.tag ka gani da idonka, sannan ka gwada endswith("}page").