Ta ina za mu fara yaƙi da gorin asali?

Maman Rabi: Ƙungiyarmu ta mata masu aikin sa kai a Maradi ta ƙudiri aniyar tsayawa tare da matan da ake yi wa gorin bauta, waɗanda har yau ake ƙin auren ƴaƴansu saboda asali. Ina neman shawararku.

Hajiya Indo: Ƴata, ku fara da sanin doka. Nijar ta mayar da bautarwa laifi a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana shekara 12.

Malama Zule: Yaya, ku tuntuɓi ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar, amma ku bar matan su faɗi buƙatunsu da bakinsu. Idan kuma aka yi gorin a wurin biki ko suna, ku tanka nan take a gaban kowa.