Na nuna wa ɗalibai katun kan algus, an ba ni takardar tuhuma

Assalamu alaikum. Shekarata 9 ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar kuɗi, ba a taɓa kuka da ni ba, kuma majigin ma da kuɗina na gyara shi. Domin darasin algus, na nuna wa 'yan aji biyar wani kashi na katun ɗin Amurka The Simpsons na 1990, inda aka tura yaron cikinsa, Bart, Faransa karatu, ya faɗa hannun wasu masu gonar inabi biyu da suke sa shi tattake inabi da ƙafa, suna zuba wa giyarsu ruwan hana injin mota daskarewa, har suka tilasta masa ya ɗanɗana. Wani uba ya kai ƙara cewa ina koya wa yara giya. Shugaban makaranta yana jiran amsata ranar Litinin. Me zan rubuta?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba kowa haƙuri a rubuce, domin takarda ba ta mantuwa. Ka rubuta cewa a 1985 an kama masu giya a Ostiriya suna zuba sinadarin diethylene glycol (guba da ake sawa a wasu ruwan hana inji daskarewa) don ƙara zaƙi, kuma shi ne ya kashe jarirai sama da 80 a Najeriya ta maganin fitowar haƙori daga ƙarshen 2008.

Wata uwa: To me ya hana ka fara da labarin maganin, wanda ya shafe mu? Ni ma ɗana ya dawo gida yana kwaikwayon rashin kunyar Bart ɗin nan, na yi magana a taron iyaye aka mayar da ni 'yar ƙauye. Ka je ka sami uban, ka ba shi haƙuri.

Mai tambaya: Hajiya, yara ba sa sauraren labarin jarida, amma ranar ko tari ba a yi ba. A ƙarshen katun ɗin ma an kama masu algus ɗin.

Tsohon malami: Hajiya, ki bar maganar haƙuri. Na yi shekara 30 a aji, na san yadda ake korar mutum da hannunsa.

Wani ɗan'uwa: Malam, ka nemi izinin shugaban kafin ka kunna majigin?

Mai tambaya: Ranar ba ya gari, kuma jadawali ba ya jira.